Zaman Ɗar-Ɗar: Labarin 'Yammata Biyu na Ƙasar Rodeshiya

 A makon nan labarin wani littafi na ke so in ba ku. Sunansa Nervous Conditions, da Turanci aka rubuta shi, aka buga shi a Landan cikin shekara ta 1988. Wadda ta rubuta shi mutuniyar ƙasar Zimbabuwe ce, sunanta Tsitsi Dangarembga. In za mu juya sunan littafin da Hausa sai mu ce zaman ɗar-ɗar, watau irin zaman nan da mutum ke yi a cikin gidansu, ga ci ga sha, amma kullum gabansa na faɗuwa, bai san inda zai taka a ce ya yi laifi ba.

Mai ba da labarin wata yarinya ce, Tambudzai, a kan kira ta Tambu. Tun a farkon magana ta gaya mana cewa mutuwar wanta ba ta sa ta baƙin ciki ba. Na san da jin haka waɗansunku za su riƙe baki su ce, “Wannan wace irin 'ya ce?” To, kada ku yi saurin yanke mata hukunci. Ku bari ku ji yadda aka yi gida ya kai yarinya 'yar shekara 13 ga wannan hali, sa'an nan kowace ta dubi nata gidan.

Ƙasar da abin ya faru

Zimbabuwe tana can kudancin Afirka, tsakanin kogin Zambezi da kogin Limfofo. A da sunanta Rodeshiya ta Kudu, sunan da aka ciro daga na wani Bature mai neman zinariya da lu'ulu'u, Cecil Rhodes, wanda mutanen kamfaninsa suka shiga ƙasar cikin 1890. Mulkin Turawa a can ya yi dabam da wanda kakanninmu suka gani a nan. Namu Turawan ma'aikata ne, in sun gama aiki su koma gida. Na can kuwa zama suka zo yi, da matansu da 'ya'yansu. Cikin 1930 suka kafa doka ta raba ƙasa, suka ɗebi kusan rabinta, wajen da ya fi albarka, alhali kuwa su 'yan kaɗan ne. Masu ƙasa aka kora su zuwa tsandauri. Ran 11 ga Nuwamba 1965 shugaban Turawan nan, Ian Smith, ya ce sun ɓalle daga Ingila, don kada mulki ya koma hannun baƙar fata. Daga nan aka shiga yaƙi mai tsawo, ba a sami 'yanci ba sai ran 18 ga Afrilu 1980.

Labarin Tambu ya faru ne a tsakiyar wannan zamani, daga wajen 1960 zuwa 1971, a wani ƙauye kusa da garin Umtali, wanda yanzu a ke kira Mutare. Mutanen wurin Shona ne. Abincinsu na kullum sadza, watau tuwon masara. Kakar Tambu ta wajen uba ita ce ta fara koya mata tarihi, suna sunkuye suna noma. Ta gaya mata yadda a da su ke da gonaki masu kyau da shanu, yadda Turawa suka zo suka ture su zuwa ƙasa mai yashi, yadda mijinta ya tafi aikin haƙar ma'adinai, aka bar ta da 'ya'ya. Da wuya ta yi wuya sai ta kama hannun babban ɗanta, yana ɗan shekara 9, ta kai shi wurin Turawan mishan, yana yi musu aikin gona da rana, suna koya masa karatu. Yaron nan shi ne ya zama Babamukuru, watau Baba Babba, wan uban Tambu. Ya yi karatu a Afirka ta Kudu, ya yi a Ingila, ya zama hedimastan makarantar mishan, dangi duka suka rataya a wuyansa.

Gonar masara

Sa'ad da Baba Babba ya tafi Ingila da iyalinsa cikin 1960, kuɗi suka yanke a gidan su Tambu. Ubanta, Jeremiah, malalaci ne, ya fi son giya da fartanya. Uwarta ce ta ke dafa ƙwai da tsinko ganye ta kai tashar mota ta sayar, ta haɗa kuɗin makaranta. Abin da ta samu bai isa yara biyu ba. Ko sai na gaya muku wanda aka zaɓa? Aka bar namijin, Nhamo, ya ci gaba, aka ce Tambu ta zauna gida. Uban ya nuna mata cewa karatu ba shi da amfani ga wadda za ta ƙare a gindin murhun wani. Uwar kuwa, cikin tausayi, ta ba ta haƙuri, ta nuna mata cewa kaya biyu ne a kan macen ƙasarsu, ga talaucin baƙar fata ga nauyin zama mace, gara ta koyi ɗauka tun tana ƙarama.

Tambu ba ta yi rigima ba, iri kawai ta roƙa. Tana 'yar shekara 8 ta share wani ɗan fili da kakarta ta bari, ta shuka masara. Kullum da asuba sai ta je rafi ta ɗebo ruwan gida, ta yi aikin gonar iyayenta, sa'an nan ta wuce tata. Masara ta yi kyau, ta yi goyo, ta fara nuna, sai ta ga ana ta sace mata. Ran nan a wurin karatun Lahadi ta ji daga bakin ƙawayenta cewa ai wanta ne ke karyowa yana raba musu kyauta. Nan take ta auka masa da kokawa a gaban jama'a.

Malamin da ya raba su, Matimba, da ya ji dalilin faɗan sai ya ɗauke ta a mota zuwa Umtali don ta sayar wa Turawa ɗanyar masara. Ran nan ta fara ganin birni. Wata tsohuwar Baturiya ta tsaya tana faɗa, wai don me a ke sa ƙaramar yarinya talla maimakon makaranta. Malam ya ga dama ta samu, ya ƙara wa labarin gishiri har ya mai da Tambu kamar marainiya. Baturiya ta ciro fam 10 ta bayar. Malam bai kai kuɗin gida ba, gama ya san halin uban. Ya danƙa wa hedimastan makarantar ƙauye, aka rubuta rasit da sunan Tambu. Uban ya zo yana ta kumfar baki, wai kuɗin 'yarsa nasa ne, bai sami ko kwabo ba. Da haka Tambu ta koma aji.

Ku lura da wannan wuri. Guminta ne ya shuka masarar, amma sai da aka yi ƙarya aka nemi tausayin baƙuwa kafin ta sami abin da wanta ya samu yana kwance. Ƙasar da aka ƙwace wa kakarta kuwa ba a yi zancenta ba, fam 10 ya rufe bakin kowa.

Yadda dama ta zo

Baba Babba ya dawo cikin 1965, aka yi ƙasaitaccen biki. Tambu ce ta zagaya da ruwan wanke hannu a durƙushe, ana bi daga babba zuwa ƙarami, maza a gaba. Maza suka ci nama a ɗaki, mata suka ci saura a madafa. A wurin ne Baba Babba ya yanke shawara zai ɗauki yaro ɗaya daga gidan ƙanensa ya ilmantar da shi, don ya fid da gidan daga talauci. Aka sake zaɓen Nhamo.

Shekara uku Nhamo ya yi a mishan, ya canja sarai. In ya zo hutu sai ya bar kayansa a tasha ya ce ƙannensa mata su je su ɗauko, wadda ta yi gardama ta sha tsumagiya. Ya daina son aikin gona. Har ya ce wai ya manta da harshen Shona, uwarsa ta yi masa magana ya amsa da ƙyar. Uban yana ta murna, wai alamar ilmi ke nan, uwar kuwa tana kukan zuci. Cikin Nuwamba 1968 ciwo ya kama shi, aka yi zaton hangum ne, kwana kaɗan ya rasu a asibiti.

Da aka rasa namiji sai aka tuna da Tambu. Ko a nan ma uban cewa ya yi asara ce, tun da ya ke amfanin karatunta gidan miji zai tafi. To, kun ji dalilin maganar da ta buɗe labari da ita. Gidan da ya shirya al'amuransa yadda yarinya ba ta da hanyar ci gaba sai in ɗan'uwanta ya kau, shi ne ya kashe ƙaunar da ke tsakaninsu tun kafin ciwo ya zo. Laifin ba na yara biyun nan ba ne.

Gidan Baba Babba

Tambu ta shiga motar Baba Babba tana ji kamar an sake haihuwarta. Da suka isa, girman gidan da tsabtarsa suka ruɗa ta. Ga ruwan famfo, ga lantarki, ga cokula iri iri a kan tebur, ba ta san wanda za ta ɗauka ba. Aka haɗa ta ɗaki ɗaya da Nyasha, 'yar Baba Babba, tsararta.

Nyasha ta yi shekara 5 a Ingila tana ƙarama. Ta dawo harshen Shona ya kuɓuce mata, ba ta iya gaisuwar manya yadda a ke so ba, tana sa gajerun riguna. 'Yan makaranta suna yi mata ba'a, wai tana ɗaukar kanta Baturiya. Ga ta da kaifin hankali, ba littafin da ba ta karantawa, ba kuma abin da za a faɗa mata ba ta tambayi dalili ba. Iyayenta ne suka kai ta Ingila, su ne kuma su ke jin haushin abin da Ingila ta mai da ita. Sun so 'ya mai ilmin Turawa da ladabin ƙauye, wadda za ta zo ta ɗaya a aji, ta dawo gida ta rufe baki. Tambu kuwa ta iya wannan, domin tana ganin Baba Babba kamar ba ya kuskure. Kullum sai a nuna wa Nyasha ita a ce, “Ga 'yar kirki.” Duk da haka 'yammatan nan biyu suka shaƙu ƙwarai, su kan raba dare suna hira.

Wata rana Tambu ta ji abin da ya ba ta mamaki. Ashe matar Baba Babba, wadda a ke kira Maiguru, watau Inna Babba, ita ma digiri na biyu gare ta, daidai da na mijinta. Dangi duka sun ɗauka rakiya ta yi masa zuwa Ingila don ta dafa masa abinci. Tana koyarwa a makarantar, amma albashinta ba ya shiga hannunta, mijin ke karɓa yana hidimar danginsa da shi. Ita kuwa sai murmushi, sai lallashi, sai zuba masa abinci.

Ana gab da hutun Kirsimati aka yi rawa ta 'yan makaranta. Da aka tashi Nyasha ta tsaya a bakin hanya tana hira da wani yaro Bature, ta yi jinkirin shiga gida. Uban ya tare ta, ya kira ta da sunan da ba ya faɗuwa a wannan fili, ya mare ta. Ta gargaɗe shi kada ya ƙara, ya ƙara, sai ta rama, ta naushe shi a ido. Da ƙyar uwar da wanta Chido suka ɓamɓare shi daga kanta. Ba na ce ta kyauta ba, ɗaga wa uba hannu babban abu ne ko'ina. Amma a daren nan ne idon Tambu ya buɗe. Ta ga abin da aka yi wa Nyasha a gidan lantarki shi ne aka yi mata a bukkar ƙauye sa'ad da aka sace mata masara. A da tana tsammani talauci da jahilci ne suka jawo. Yanzu ta ga ga arziki ga ilmi, amma abin bai canja ba, domin tushensa ɗaya ne, an haife su mata.

Lucia mai jan kunne

Kada ku ce littafin duk baƙin ciki ne, akwai wurin da za ku yi dariya har da hawaye. Da Kirsimatin 1969 dangi suka taru a ƙauye, sama da mutum 20. Baba Babba ya kawo naman sa, firijin kananzir bai iya ɗauke shi duka ba, nama ya fara wari, mata na ta fama da ɗiban ruwa da girki daga safe har dare, Inna Babba mai digiri tana kan gaba. A gidan akwai Lucia, ƙanwar uwar Tambu, mace mai ƙarfi, mai baki, ba ta taɓa shiga aji ba. Ta yi ciki da wani ɗan'uwan gidan mai suna Takesure, ragon namiji, wanda ya bar mata biyu a gida bai gama biyan sadakinsu ba.

Maza suka shiga ɗaki don su yanke hukunci a kanta, ita kuwa ba a kira ta ba. Takesure ya ga ba ta nan, ya yi ta ɗora mata laifi, har da cewa mayya ce. Lucia tana jin su daga waje. Sai ta banka ƙofa ta shiga, ta kama shi a kunne ta miƙar da shi tsaye gaban manya, ta faɗi nata bayanin, ta fita abinta. Bayan wannan ta bi Baba Babba da girmamawa da kirari har ya samo mata aikin dafa abinci a wajen kwanan 'yammata na mishan. Da ta sami albashi sai ta shiga makarantar dare, irin ta yaƙi da jahilci, ta fara daga aji ɗaya da jariri a hannu. Wadda ba ta da takarda ko ɗaya ta fi mai digiri biyu sakewa, gama ba ta jin tsoron a ce ba ta da kirki, an riga an faɗa.

Bikin da Tambu ta ƙi zuwa

A wannan zama ne uban Tambu ya ce masifu sun yi wa dangi yawa, a kira boka a yi tsarki. Baba Babba, da ya ke Kirista ne na sosai, ya ce a'a, dalilin masifa shi ne iyayen Tambu ba su yi auren coci ba, saboda haka za a ɗaura musu sabon aure. Ku duba fa, mutanen da suka yi aure bisa al'adarsu, suka haifi 'ya'ya har suka binne waɗansu, su ne za a sa wa farar riga da lulluɓin amarya a zaga da su. Tambu ta ga wannan mai da iyayenta abin wasa ne, kuma kamar cewa ne ita da 'yan'uwanta ba 'ya'yan halal ba ne. Ta rasa bakin faɗa, gama cin abincin mutum ya kan ɗaure harshe.

Ran biki da safe jikinta ya yi mata abin da bakinta ya kasa. Ta kwanta kamar gawa, ta kasa ko motsi. Baba Babba ya zo ya tsaya a kanta yana lissafa alherin da ya yi mata, ya ce in ba ta tashi ba zai daina biya mata makaranta. A hankali ta buɗe baki ta ce ba ta son zuwa. Aka tafi aka bar ta. Da aka dawo ya yi mata bulala 15, ya sa ta yi aikin 'yar aikin gidan har mako 2. Ta yi aikin nan tana jin wani daɗi a ranta, domin karo na fari ke nan da ta ce a'a.

Abin ya taɓa Inna Babba. Ta dubi mijinta ta amayar da abin da ta daɗe tana haɗiyewa, ta ce ta gaji da aiki kamar baiwa ana kashe kuɗinta a kan hidimar da ba a shawarce ta ba. Ya ce in ba ta jin daɗi ta tafi inda za ta ji. Kashegari kuwa ta ɗauki jakarta ta fita. Kwana 5 ta yi, ya je ya dawo da ita. Ba ta sami duk abin da ta ke so ba, amma daga ran nan murmushin dole ya ragu, maganarta ta fara nauyi a gidan.

Ciwon Nyasha

Ba a daɗe ba waɗansu sistocin Katolika suka zo daga wata babbar makarantar 'yammata mai suna Sacred Heart, wadda galibin ɗalibanta 'ya'yan Turawa ne. Suka yi jarrabawa, gurbi 2 tak aka ware wa 'yammata baƙar fata. Tambu ta ci, aka ba ta sikolashif. Baba Babba ya so ya hana, wai cuɗanya da Turawa za ta ɓata ta, ta ƙi auruwa. Inna Babba ce ta tsaya mata, ta tuna masa cewa irin maganar nan aka yi a kanta ita ma sa'ad da ta ke karatu. Uwar Tambu kuwa ta kwanta ciwo don baƙin ciki, tana ganin abin da ya raba ta da ɗanta zai raba ta da 'yarta. Nyasha ma ta gargaɗe ta cewa irin wannan gata, da shi a ke zare 'yan kaɗan daga cikin jama'arsu a rarrashe su, don su manta da sauran.

Tambu ta tafi cikin 1971. Ran da ta isa ta tarar an cusa 'yammata baƙar fata 6 a ɗakin mutum 4, can gefe. Amma ga ɗakin karatu cike da littattafai, ga harsuna, ga wasanni, sai ta dulmuya. Nyasha tana ta aiko mata da wasiƙu, ita kuwa ba ta samun sukunin amsawa. Wasiƙun suka yi ta raguwa.

Da ta zo hutu ta ga Nyasha, sai da ta tsorata. Yarinya ta rame ta zama ƙashi da rai. Uban ya kan tsare ta a tebur ya ce sai ta cinye abincin da ya sha wuya ya nemo. Ta kan cinye don a zauna lafiya, ta kewaya ta amayar, sa'an nan ta zauna karatu har tsakar dare. Wani dare abin ya fashe. Ta yayyage littafin tarihinta da haƙora, tana cewa ƙarya aka cika shi da ita, ta farfasa madubi da tukwane, ta ji wa kanta rauni, sa'an nan ta faɗa jikin uwarta kamar jaririya. Ba ta zagi ubanta ba, cewa ta yi shi ma haka aka yi masa, an koya masa rusuna wa na sama da shi, ya zo gida yana neman a rusuna masa.

Aka kai ta Salisbury, babban birnin ƙasar, wanda yanzu shi ne Harare. Likitan ƙwaƙwalwa na fari, Bature, ya ce baƙar fata ba sa irin wannan ciwo, iya shege ne, a koma gida a tsawata mata. Sai na biyu ne ya karɓe ta ya kwantar da ita. Ku sani, 'yan'uwa, ciwon nan na ƙin abinci ko amayar da shi da gangan ciwo ne na gaske, likitoci sun san shi, ba ya zaɓen launin fata, ya fi kama 'yammata masu tasowa, yana kuwa iya kisa. Duka da tilastawa ba sa maganinsa, sai asibiti da jan yarinya a jiki.

Uwar Tambu ta ce Turanci ne ya jawo, shi ya ci Nhamo, shi ke cin Nyasha. Tana da gaskiya ta wani gefe, amma ba duka ba. Da a ce uban Nyasha ya taɓa zama ya ji abin da ke ranta, da wataƙila ba a kai haka ba. Tambu ta koma makaranta, amma shakka ta shiga zuciyarta, ta fara tambayar abin da a ke ɗura mata. Nan littafin ya tsaya.

Wadda ta rubuta

An haifi Tsitsi Dangarembga a garin Mutoko cikin 1959. Ita ma ta zauna a Ingila tana ƙarama sa'ad da iyayenta ke karatu, ta dawo cikin 1965. Ta fara koyon aikin likita a Jami'ar Kambirij, ta bari ta koma gida cikin 1980, ta karanta ilmin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Zimbabuwe. Da ta gama littafin nan masu buga littattafai na ƙasarta suka ƙi shi, sai wani kamfanin mata a Landan ya karɓa. Shi ne ƙagaggen labari na fari da wata baƙar mace 'yar Zimbabuwe ta fitar da Turanci, cikin 1989 kuwa ya ci kyautar marubutan ƙasashen Kwamanwel ta ɓangaren Afirka. Daga baya ta koyi shirya fim a Jamus. Ta ci gaba da labarin Tambu a littattafai biyu, The Book of Not cikin 2006, da This Mournable Body cikin 2018. Ran 31 ga Yuli 2020 aka kama ta a Harare tana tafe da kwali a hannu tana neman a gyara mulkin ƙasarta. Kotu ta same ta da laifi cikin 2022, babbar kotu ta wanke ta cikin 2023.

Abin da za mu ɗauka

Ku iyaye mata, kada wata ta ji labarin Nyasha ta ce, “Kun gani ko, boko ke ɓata 'ya.” Ku tuna da uwar Tambu, wadda ba ta yi boko ba, wuya ta cinye ta tun da sauran ƙuruciyarta. Ku tuna da Lucia, wadda ta san darajar karatu har ta shiga aji ɗaya da goyo. In kuɗi sun gaza, a zauna a yi shawara da gaskiya, kada a ce kai tsaye mace ce za ta haƙura. In kuwa kun sa 'ya a makaranta, ku sani za ta dawo da tambayoyi, gama abin da aka aike ta koyo ke nan. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ku saurare ta, ku roƙi iyayensu maza su ma su saurara. In kun ga yarinya ta yi shiru, tana ramewa, tana guje wa kwano, kada ku ce iyayi ne, ku kai ta a duba ta. Ku kuma raba aikin gida tsakanin 'ya'yanku da adalci, don kada namiji ya tashi yana ganin ƙanwarsa jakar ɗaukar kayansa ce.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe naci irin na Tambu mai gonar masara, amma ku guji kuskurenta. Kada karatu ya sa ku ji kunyar harshenku ko bukkar da kuka fito. Uwar da ta sayar da ƙwai a tasha ta san abubuwan da ba sa cikin littafi, ku zauna ku ji daga gare ta. Ku yi godiya ga wanda ya biya muku makaranta, amma godiya ba ta hana faɗin gaskiya cikin ladabi. In kuwa kuna da ƙawa ko 'yar'uwa da ke neman ku da magana, ku amsa mata tun da wuri, kada ku bari sai hutu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Littafin ba shi da kauri, Turancinsa kuma ba mai tsauri ba ne ga 'yar sakandare. Wadda ta same shi ta karanta, ta zauna da dare ta fassara wa innarta da Hausa, sa'an nan ku tambayi juna, a cikin matan nan wace ce ta fi kama da ku.